Zangarniya Ɗaya Zuwa Kano

Tun da muka dawo daga Kano ban samu na gyara rediyon kowa cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙarfen liƙi a wuta sai wani ya leƙo shago: "Habu, yaya Zakaru? Da gaske mai gangarsu da sanda huɗu yake kiɗa?" Mushe Isufu kuwa, malamin makarantar nan, ya riga ya cika Zango da Birni, Damagaram kaf, da labari, kullum yana ƙara masa gishiri, har jiya na ji an ce wai mai jita ya sauko daga dandamali ya ba shi hannu. To, ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, daga tasha zuwa tasha, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya ji.

Ga wanda bai san su ba, Zakaru makaɗa biyar ne na kiɗan jitar nan mai ƙara da ake ce wa rok. A da kowannensu da ƙungiyarsa, kowa kuma shi ne a gaba a gidansu. Sai suka bar ƙungiyoyin suka haɗu wuri ɗaya, mai ganga daga can, masu jita daga can, mai waƙa daga wani wuri dabam. Sunansu na Turancin Ingila ne, ko Mushe da yake koyarwa a lakwal, makarantar boko, harshensa ba ya juya shi. Abokinmu Ilu ne ya raɗa musu Zakaru, wai yana so ya ga yadda zakara biyar za su kwana a akurki ɗaya ba a fige juna ba.

Ilu mutumin Dogo ne. Yana ƙarami babansa ya kawo shi gidanmu koyon aikin fata wajen babana, muka tashi a ɗaki ɗaya, ni da shi, Isufu na maƙwabta. Da rani yana Damagaram, da an ga hadari ya koma Dogo noma. Mu uku babu mai sisin shiga bal, wato rawar dare, a lokacin. In orkes, makaɗan jita ke nan, na wasa a gidan rawar ma'aikata, sai mu zagaya ta baya mu zauna, mu jingina bayanmu da katanga. Ilu ne ya gano wannan dabarar. Ya ce ganga da babbar jita ta cikin katanga suke bi su shiga ƙashin bayan mutum, masu kuɗi da kunne kawai suke ji, mu kuwa da jiki duka. Har muka girma, muka fara iya biyan kuɗin ƙofa, shi yakan ce mu shiga abinmu, yana nan baya.

Ranar da faifan Zakaru ya fara shigowa hannuna, mun juya shi a garmaho har allura ta gaji. A nan Ilu ya rantse, ya ce ranar da mutanen nan suka zo Kano, ko da rarrafe sai ya je. Muka tafa a kan mu uku za mu tafi tare.

Sai fari ya zo, kun san shi, ba sai na ba ku labarin abin da ke kwance a bayan garinku ba. Baban Ilu ya rasu, gonarsu ba ta ba da abin kirki ba, shi ne babba, ƙannensa mata duk suna gidan miji a nesa. Bayan kaka ya ɗauki jakarsa ya yi kudu cin rani, ya ce mana kafin ruwan fari zai dawo da buhu. Damina ta zo ta wuce, irin wucewar da ta yi, ba Ilu. Aka sake yin kaka, aka shiga wani ranin, ba shi, ba saƙonsa. Wani ya ce ya gan shi a Kano yana ga-ruwa, wani ya ce a'a, mai kama da shi ne. Ni dai na daina sa faifan nan, don in na sa ba na iya cin abinci.

Ana cikin bazara, ina gwada rediyon wani jandarma, na kamo wata tashar Najeriya ana cewa Zakaru za su yi wasa a Kano ranar wata Lahadi. Na rufe shago na je na tsaya a tagar ajin Isufu. Ya fito da alli a hannu. Na gaya masa. Ya ce, "In yana da rai zai je."

"Abin da na zo faɗa ke nan," na ce.

Babana da ya ji, sai da ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Mutane na binne shanunsu, ku za ku kallon kiɗa." Na ce masa, "Baba, Ilu za mu nemo." Ya juya ya ci gaba da aikin fatarsa. Da safe na tarar da kilishi a ƙunshe a kan jakata.

Hanyar Magariya muka bi, don ta Dogo take ratsawa. Muka sauka a nan da hantsi. Rabin gidajen garin an toshe ƙofarsu da ƙaya, masu su sun tafi. Inna, uwar Ilu, muka tarar zaune a inuwar rumbu tana tsince jar dawar taimako. Ta rame har zanenta ya zagaye ta ya yi saura. Kun san Ilu ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce. Tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In za ta yi maganarsa, "abokinku" take cewa.

Muka gaisa, ta tambayi babana da innata da kowa na gidanmu har jaki, ba ta tambayi abin da ya kawo mu ba. Da na ce Kano za mu, hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan turmi ta taka. Ta fito da zangarniyar gero guda, doguwa, ta kai tsawon hannuna. Ta ce bara a kwarin gabas kawai gonar ta ɗan yi, abin da ta samu ta ɗaure ta rataye a saman ɗaki, iri ne, irin mai gidanta ne tun na kakansa. Na dubi jar dawar da take tsincewa, na dubi zangarniyar.

"Habu," ta ce, "in Allah ya sa kun gamu da abokinku, ka nuna masa wannan. Ka ce bana ba ni da ƙarfin sungumi. Ka ce ni ban aiki kowa tsaraba ba." Ta naɗe ta cikin tsumma ta miƙo mini da hannu biyu. "In ka nuna masa ka dawo mini da abata. Ba ta bari ba ce."

Na naɗe zangarniyar a cikin tabarmar sallata na ɗaure da igiya. Daga nan har Kano tabarmar nan ba ta bar hammatata ba.

Babbar motar kamiyon da muka samu a Dogo ta gyaɗa ce a da, yanzu da babu gyaɗar sai take ɗaukar fatu da mutane da dabbobin da ake gudu da su kudu kafin su mutu a hannu. Isufu ya sa sabon wandonsa mai faɗin ƙafa tun daga gida, wai kada Kanawa su raina shi. Kafin Bande wandon ya share kashin awaki na rabin mota. Ina cikin yi masa dariya na ji ana jan tabarmata ta baya. Wata akuya ce, ƙashi da fata, ta zura baki ta bakin naɗin ta gutsure kan zangarniyar. Wallahi ban san ina da zafin hannu haka ba. Mai akuyar, wani tsohon Bafillace, ya riƙe mini hannu ya ce, "Yi haƙuri, yaro, ta daɗe ba ta ji ƙanshinsa ba." Na kwance don in ga ɓarnar, kusan tsawon ɗan yatsa ta cire daga zangarniyar. Sai kowa a motar ya juyo yana kallo. Tsohon ya ce in ba shi ya riƙe. Ya shinshina, ya shafa, ya miƙa wa na kusa da shi, haka ta zagaya motar hannu zuwa hannu ta dawo mini, ba wanda ya ɓanɓare ko ƙwaya ɗaya.

A Magariya muka kwana a rumfar tasha, da safe muka kama hanyar iyaka. Ni abin da ya ba ni mamaki da iyakar nan, babu komai a wurin sai sanda a gicciye da rumfa biyu. Gawon da ke wannan gefe shi ne a wancan gefe, Hausar ma ɗaya ce, sai dai namu ma'aikatan na cewa kawo kart, nasu na cewa kawo kati. A gefen Najeriya wani ma'aikacin duwan, kwastan ke nan, dogo, mai tsagar Katsinawa, ya ce in kwance tabarma. Da ya ga abin da ke ciki ya yi dariya ya kira abokin aikinsa.

"Zo ka ga ikon Allah. Kowa na neman fitar da hatsi arewa, ga wani ya shigo mana da shi kudu. Malam, wannan duk a kasuwar Kano za ka sayar?"

Na gaya masa ko ta wace ce da wanda za a nuna wa. Dariyar ta tsaya. Ya juya zangarniyar, ya danna ƙwayar da farce yadda manoma ke yi, ya ce, "Wannan ba kaya ba ne, saƙo ne." Ya shiga rumfa ya fito da wata takarda mai kauri ya naɗe mini bakin da akuya ta ci, ya ɗaure da kansa. Ya ce shi ma tsohuwarsa na ƙauye.

Daga Babura zuwa Ɗambatta ƙasar ba ta fi tamu kore ba, sai dai mutane sun fi yawa, kasuwa kuma akwai abin saye ga mai abin saya. Kano kuwa, jama'a, kada wanda ya ƙara ce mini kasuwar Dole ta garinmu ta cika. Mun tsaya a bakin titi ɗaya har ƙafata ta yi sanyi muna jiran motoci su ƙare mu tsallaka. Wata tsohuwa mai tallan gurasa ce ta gaji da kallonmu, ta ce, "Ku ƴan Faransa ne ko? Ba sa ƙarewa. Ku kama gefen zanena." Haka ta tsallakar da mu, ni da malamin lakwal guda.

A Fage muka sauka, gidan Baba Mati, mutumin Birni ne da ya daɗe a can yana cinikin kanwa, abokin babana tun suna yara. Zaurensa cike yake da mutanenmu da fari ya koro, kowa da ƙullin kayansa a matashin kai. Ya matsar da buhunan kanwa ya yi mana wuri. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya girgiza kai.

"Ƴaƴana, Kano ba Damagaram ba ce da za ka tsaya a bakin masallaci ka ga kowa ya wuce. Wanda ba ya so a gan shi a garin nan, ko uwarsa ba ta ganinsa. Waɗanda suka zo wurina masu neman taimako ne. Masu jin kunya ba sa zuwa."

Duk da haka ya haɗa mu da wani mai ga-ruwa ɗan Mirriya, muka yini muna bin famfo zuwa famfo. Ko'ina namu ne, na Zarmu, na Mirriya, na Dogo ma mun samu biyu. Wani ya ce ya san wani Ilu amma gajere ne. Wani ya ce akwai wani dogo da ke kiɗa a garwarsa in ana jiran layi, amma tun damina bai sake ganinsa ba, ya ji an ce zazzaɓi ya kwantar da shi. Na ji tsoro sosai, ban kuwa gaya wa Isufu ba, shi ma bai gaya mini nasa ba.

Maganar abinci kuwa, burodinsu zaƙi ne da shi, ga taushi, in ka matse shi sai ya koma rabin tafin hannu, ba irin namu dogon nan mai ɓawo ba. Shayinsu a babban kofi ake ba ka shi da madara, mai shayin yana ɗaga hannu sama yana zubawa daga wannan kofi zuwa wancan, ka sha sau ɗaya ka tashi, ba zaman hira. Isufu ya ce shi sai ya ci abincin mutanen kudu tun da an zo. Muka shiga wata rumfa a Sabon Gari, matar ta tambaye shi da Turanci, ya amsa mata da Faransanci, ta dube ni, na ce mata da Hausa ta ba shi abin da kowa ke ci. Ta kawo teba da wata jar miya. Loma biyu ya yi ya cire tabarau. Matar ta tausaya masa ta kawo ruwa a buta, tana cewa sannu da Hausarta mai daɗi. Bai bar ko loma ba, wai kada a ce ɗan Damagaram ya gudu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wasan da rana za a yi. Mu mun saba bal sai bayan lisha. Su kuwa ranar Lahadi bayan azahar suke farawa, kafin magariba an tashi, wai don ƴan makaranta da ma'aikata. A filin wani otal ne a Sabon Gari, mai doguwar katanga an kafa mata fasassun kwalabe a sama. Muka sayi tike, muka bi layi. Samarin Kano kowa gashi ya tashi kamar gammo, takalma masu tudu, wandon Isufu ma a nan ya zama ƙarami. Mai tsaron ƙofa, wani ƙato, ya dubi hammatata.

"Malam, salla za ka ja mana a ciki?"

Na ce masa amana ce. Ya matsa ya ji ba ƙarfe, ya buga mini tambarin tawada a hannu, ya ce, "Wanda ya fita ya fita, ba a dawowa."

Muka raba filin, Isufu dama, ni hagu. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, duk wani dogo sai na zagaya gabansa na leƙa, har wani ya tambaye ni ko bashi nake bin sa. Ba Ilu. Muka haɗu a tsakiya, Isufu ya girgiza kai, tabaransa sun yi gumi. Ya ce, "Wataƙila bai iso ba." Na ce wataƙila.

Sai Zakaru suka fito. Tun da abin da kuke ta tambaya ke nan, bari in gaya muku. Mutane ne kamar kowa, biyu ma gajeru ne. Mai ganga sanƙo gare shi, sandunansa kuma biyu ne, Mushe ya ji tsoron Allah. Amma da ya ɗaga su ya sauke, masu jita suka shigo a tare, na gane faifan da muke ji a shago inuwar abin ce kawai. Ni mai gyaran rediyo ne, na san lasifika, ban taɓa sanin ana tara su har su fi mutum tsawo ba. Babu wanda ya nemi danne wani a cikinsu. Wannan ya yi nasa ya ja baya yana murmushi, wancan ya karɓa. Na ce a raina, Ilu, ga zakarunka sun zauna lafiya. Daɗi ya kama ni, baƙin ciki ya kama ni, duk a lokaci ɗaya.

Da aka shiga waƙa ta biyu jama'a suka tunkuɗo gaba, aka yi ta matsa ni, ina kare tabarma, har aka haɗa ni da katangar gefe. Bayana ya manne da ita. Sai na ji gangar ta biyo ta cikin siminti ta shiga ƙashin bayana.

Na tsaya cik. Kai, Habu, na ce wa kaina, amma kai sakarai ne. Kun zo tun daga Damagaram, kun biya kuɗin ƙofa, kuna neman Ilu a cikin fili. Yaushe Ilu ya taɓa shiga ciki?

Ban nemi Isufu ba. Na kutsa har ƙofa, ƙaton nan ya tare ni ya ce, "Ka ji abin da na ce ɗazu?" Na ce na ji. Ya ce, "Yanzu fa aka fara." Na ce na sani, ya buɗe mini.

Bayan otal ɗin wani lungu ne mai kwata, injin wuta na ta ruri a gefe. Akwai masu tallan rake da lemo, da wasu tsaye suna rawa. Can ƙarshe, daidai bayan dandamali, wani na zaune a ƙasa ya jingina da katanga, ido a rufe, garwa biyu da sandar ɗauka a gefensa, yatsunsa na bin gangar a jikin garwa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, an aske masa kai. Da fuska kawai zan bi da na wuce shi. Yatsun na gane.

Ban kira shi ba. Na je na zauna a gefensa na jingina bayana, kafaɗata ta taɓa tasa. Ya ɗan matsa don ya ba baƙo wuri, bai buɗe ido ba. Haka muka zauna har waƙar ta ƙare. Da aka fara tafi a ciki ya buɗe ido ya juyo. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dubi tambarin da ke hannuna.

"Ka shiga ciki?"

"Na shiga."

"Yaya suke?"

"Gajeru. Mai gangar sanƙo gare shi."

Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari. Da ya lafa ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Inna fa?"

"Tana nan da ranta. Jar dawa take ci."

Ya rufe fuska da hannu. Ya ce ya tara abin da ya tara a ranin farko, saura kaɗan ya kama hanya zazzaɓi ya kayar da shi, ya kwashe damina a kwance a wani kango, abin da ya tara ya tafi a magani da koko. Ya ce, "Habu, na fita na ce da buhu zan dawo. Da wane ido zan shiga Dogo? Garwar nan ma ba tawa ba ce. Na ce bari in ƙara rani ɗaya."

Na so in yi masa faɗa, na shirya faɗan tun daga Bande. Na kasa. Na kwance tabarma, na warware tsumma, na ɗora masa zangarniyar a cinya, na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Bana ba ta da ƙarfin sungumi. Ba ta aiki kowa tsaraba ba.

A ciki an fara wata waƙa, wadda muka fi so a faifai, katanga na girgiza a bayanmu. Ilu bai ji ta ba. Ya ɗaga zangarniyar, ya bi ta da yatsa daga gindi. Ya ce, "Ta kwarin gabas ce, wajen gawo." Ya ce, "Nawa ta ajiye?" Na ce ban gani ba, a saman ɗaki suke, turmi take takawa ta ɗauko. Ya zare takardar da ma'aikacin duwan ya naɗa, ya ga inda aka gutsure.

"Wa ya ci nan?"

"Akuya. A mota, kafin Bande."

"Inna ba ta ci ba, kai ka bar akuya ta ci."

A nan muryarsa ta karye. Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ya yi ba, ko ranar da aka binne babansa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba. Mai rake ya juya mana baya ya ci gaba da fere rakensa, Allah ya saka masa.

Sauran wasan duk a nan muka ji shi, kafaɗa da kafaɗa, zangarniya a cinyar Ilu. Gab da magariba aka tashi. Isufu ya fito sharkaf da gumi, yana nemana yana masifa, ya leƙo lungu. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sannan ya tako cikin kwata da sabon wandonsa bai ko duba ba, ya rungume Ilu, ya ce, "Ɗan banza. Mun ce mu uku za mu zo, ka riga mu da shekara guda da rabi."

Washegari Ilu ya mayar wa mai garwa garwarsa. Baba Mati ya ba shi riga, ya cusa masa ƙullin kanwa ya ce a kai wa tsohuwa, don kada ya shiga gida hannu na dukan cinya. A hanya Ilu ne ya riƙe tabarmar, duk akuyar da ta matso kuwa sai ya harare ta. A iyaka ma'aikacin nan ya gane ni, ya dubi Ilu, ya ce, "Saƙo ya isa ke nan." Ya ɗaga mana sanda.

Da la'asar muka sauka a Dogo. A ƙofar gida Ilu ya tsaya ya miƙo mini tabarmar, ya ce in shiga gaba. Inna na inda muka bar ta. Muka yi sallama, ta amsa, ta ɗago ta gan mu mu uku. Ilu ya durƙusa nesa da ita ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon faifanta, kamar jiya ya fita. Ba ta dubi hannunsa ba, ba ta dubi fuskarsa ba. Ni ta duba.

"Habu, ina abata?"

Na ba ta. Ta warware, ta ga wurin da aka gutsure. Ta jawo ƙwarya ta fara murza zangarniyar a ciki. Ƙwayoyin na tsalle suna faɗawa cikin rairayi, ita da ba ta taɓa zubar da ko tsaba ɗaya ba. Ilu ya matso da gwiwa, ya fara tsince su ɗaya-ɗaya yana zubawa a ƙwaryar. Ta bar shi. Sau ɗaya hannunsa ya haɗu da nata a bakin ƙwarya, ba ta janye ba.

Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Habu, ka gaya wa abokinka sungumin babansa na bayan rumbu. Ƙotar ta saki, sai ya gyara."

Ilu ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya zagaya bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba.

To, kun ji. Waƙa ɗaya da rabi na ga Zakaru da idona, sauran da baya na ji su. Mai son labarin rigunansu da yadda mai jita ke karkaɗa kai ya je wurin Mushe, yana da shi har da ƙari. Shekaranjiya wani direba ya ce an yi ruwa a Dogo, ya jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Ranar kasuwa na ajiye wa Ilu wuri a kan benci, na fito da faifan na goge shi. Bai zo ba. Ba na kuwa sa ran ganinsa sai an gama noma.